Baucar gidan haya a Amurka: mece ce Section 8, wa ke samun ta, kuma yaya ake nema?

Duk mai ɗan uwa a Amurka ya taɓa jin kukan nan ta talho, cewa haya ta cinye albashi. A nan gida wasu kan ɗauka dabarar hana aike ce, alhali kuwa lissafin gaskiya ne. A manyan biranen ƙasar, gida mai ɗakunan kwana biyu kan kai dalar Amurka 1,500 a wata, sama da jikka 800 ke nan, a New York kuma ya wuce haka nesa. Ku lura, duk inda muka ce dala a nan ta Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Gwamnatin ƙasar tana da wani tallafi na haya don masu ƙaramin ƙarfi, wanda aka fi sani da Section 8. Ƴan uwanmu da ke unguwar Bronx ta New York, da na Greensboro a jihar Karolina ta Arewa inda ƴan Nijar ke da yawa, suna jin sunansa kullum. Ana yawan ruɗa bayaninsa, macuta kuma na cin kasuwa da wannan ruɗu. Shi ya sa muka tattara bayanin wuri guda, don na can su san hanyar, na gida kuma su san halin da ake ciki.

Mece ce wannan bauca?

Mu ɗauke ta kamar bon ɗin nan na mai da ake ba direban ma'aikata. Ba a ba shi kuɗi a hannu, takarda ce yake kai wa gidan mai, ma'aikata ta biya daga baya. Haka bauca take. Iyali su nemo gidan haya da kansu wurin mai gida na kasuwa, su biya wani kaso na hayar gwargwadon samunsu, ofishin gidaje ya tura wa mai gidan cikon kai tsaye kowane wata.

Sunan Section 8 ya fito ne daga sashe na 8 na dokar gidaje ta 1937, wanda aka yi wa gyara a 1974 zamanin shugaba Gerald Ford. A 1998 aka haɗe tsare-tsaren da ke ƙarƙashinsa, aka raɗa masa sunan hukuma, Housing Choice Voucher. Kuɗin daga ma'aikatar gidaje ta tarayya suke fitowa, wadda ake kira HUD, amma ba ita ake zuwa wurinta ba. Ofisoshin gidaje na gari ko na jiha, sama da 2,000 a faɗin ƙasar, su ne ke karɓar buƙata, su raba bauca. Na birnin New York sunansa NYCHA. Gidaje wajen miliyan 2 da dubu 300, mutum sama da miliyan 5, ke zaune da wannan tallafi.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, cancanta ba ta nufin samu. Majalisar dokoki ce ke ware kuɗin kowace shekara, sama da dala biliyan 30, kuma ba su isa. Cikin gidaje huɗu da suka cancanci tallafin haya na tarayya, kusan ɗaya ne kawai ke samu.

Yadda ake lissafin kuɗin

Ƙa'idar ita ce iyali su biya kashi 30 cikin 100 na abin da suke samu a wata. Kafin a yi lissafi ana rage wasu abubuwa daga samun, kamar wani kaso saboda kowane yaro, kuɗin renon yara don uwa ta je aiki, da wani sauƙi ga tsofaffi da masu naƙasa.

Kowane ofishi yana da ma'aunin biya, wato iyakar da yake lissafi da ita gwargwadon yawan ɗakuna. Ana ɗora shi kan farashin haya na yankin da HUD ke fitarwa duk shekara, yawanci tsakanin kashi 90 zuwa 110 na wannan farashi.

Ga misali. A ce bayan ragi iyali na samun dala 2,000 a wata, ma'aunin ofishi kuma dala 1,500 ne. Kasonsu dala 600. In suka samu gida na 1,500, haɗe da kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki, ofishi zai biya 900. In gidan na 1,650 ne, ofishi yana nan kan 900 ɗinsa, iyali su biya 750. In kuwa na 1,800 ne, kason iyali ya zama 900, kashi 45 cikin 100 na samunsu. Nan ofishi zai ƙi amincewa, don doka ta hana iyali biyan fiye da kashi 40 lokacin shiga sabon gida.

Samu ya ƙaru, kason iyali ya ƙaru. Aiki ya tsaya, a sanar da ofishi, kason ya ragu. Nan amfanin bauca yake: ranar da aiki ya kuɓuce, gida ba ya kuɓucewa tare da shi. Sai dai kuɗin ajiya na shiga gida, wanda a Yamai muke ce wa kosiyon, yana kan mai haya.

Wa ya cancanta?

Abu na farko samu. In aka jera gidajen yanki daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, ana duba na tsakiya. Wanda samun gidansa bai wuce rabin na tsakiyan nan ba, ya shiga sahu. Doka ta kuma ce kashi 75 cikin 100 na sababbin bauca su tafi ga mafi ƙarancin samu, waɗanda ba su wuce kashi 30 na na tsakiyan ba, ko kuma suke ƙasa da layin talauci na tarayya. Adadin ya bambanta gari da gari, ya kuma danganta da yawan mutanen gida, don haka a duba jadawalin ofishin garin da ake zaune.

Ba sai mai aure ko mai yara ba, gwauro ma na iya nema. Amma ofisoshi da yawa suna fifita wasu: marasa matsuguni, tsofaffi, naƙasassu, tsofaffin sojoji, matan da suka gudo daga duka a gidan aure, da mazauna garin.

Ana kuma binciken tarihin laifi. Wanda aka kora daga gidan tallafi saboda harkar ƙwaya zai jira shekara 3. Wanda ke cikin rajistar masu laifin lalata ta har abada ba ya samu ko kaɗan. Wanda wani ofishin gidaje ke bi bashi, sai ya fara warware bashin.

Batun takardun zama

Nan ne tambayoyi suka fi yawa. Wata doka ta 1980 ta kayyade tallafin ga ƴan ƙasa da wasu rukunin baƙi: masu katin zama na dindindin, wato girin kat, da ƴan gudun hijira, da waɗanda aka riga aka ba mafaka. Mai bizar ziyara, ɗalibi mai bizar karatu, wanda bizarsa ta ƙare, da wanda shari'arsa ta neman mafaka ba ta kammala ba, duk ba su ciki. Ofishi yana tantance takardun ta na'urar hukumar shige da fice.

To gidan da uba ba shi da takarda, amma yara an haife su a Amurka fa? Shekara da shekaru tsarin shi ne a ba irin wannan gida tallafi gwargwadon adadin masu takarda. Gida mai mutum huɗu, biyu na da takarda, sai a biya rabin tallafin. A 2019 gwamnatin Donald Trump ta kawo shawarar soke wannan, aka janye ta a 2021, kuma maganar ta sake tasowa bayan dawowarsa mulki. Haka ma ƙa'idar nan da ke duba ko baƙo zai zama nauyi kan gwamnati lokacin ba shi girin kat: ta 2019 ta lissafa Section 8, ta 2022 ta cire ta. Ƙa'idoji ne masu juyawa da juyawar gwamnati. Duk gidan da ke da mutum mai matsalar takarda, ko mai shirin neman girin kat, ya ga lauyan shige da fice kafin ya rubuta sunan kowa a dosiye. Akwai ƙungiyoyin lauyoyi masu ba masu ƙaramin ƙarfi shawara kyauta a manyan birane.

Layin jira

Ba kowace rana ake karɓar buƙata ba. Ofishi kan rufe rajista shekaru, sannan ya buɗe ta na ƴan kwanaki. NYCHA ta rufe tata a watan Disamban 2009, ba ta sake buɗewa ba sai daga 3 zuwa 9 ga Yunin 2024. Cikin mako gudan nan sama da gidaje dubu 630 suka nema, aka yi ƙuri'a aka ɗauki dubu 200. Waɗannan ɗin ma ba bauca suka samu ba, shiga layi suka yi. Birnin Los Angeles ya buɗe tasa a Oktoban 2017, sai kuma Oktoban 2022. A faɗin ƙasar, waɗanda suka kai ga samu sun jira shekara biyu da rabi a matsakaici.

Dabarar da doka ta yarda da ita ita ce a nema a wurare da yawa. Ba dole sai garin da mutum yake zaune ba. Ƙananan garuruwa wani lokaci layinsu ya fi gajarta. Sharaɗin shi ne, in ba mazaunin garin ba ne lokacin da ya nema, ofishi na iya tilasta masa zama can wata 12 kafin ya ɗauki baucarsa zuwa wani gari. Bayan haka bauca tana bin mai ita ko'ina a Amurka da ke da ofishin gidaje.

Yadda ake nema

1. A nemo ofishin gidaje na garin. Jerinsu yana shafin hud.gov. A yawancin jihohi kuma, in aka kira lambar 211 za a yi wa mutum kwatance.
2. A riƙa duba shafin ofishin don sanin ranar buɗe rajista. Yawanci ta intanet ake cikewa.
3. A tanadi takardu: katin shaida, takardun haihuwar yara, lambar Social Security ta kowane mai neman tallafin, takardun zama, takardun albashi, da bayanin asusun banki.
4. Bayan cikewa, a adana lambar shaida da aka bayar.
5. Duk lokacin da adireshi ko lambar talho ta canja, a sanar da ofishi a rubuce.

Wannan na biyar ɗin ya fi kayar da mutane. Ofishi kan aiko wasiƙa yana tambaya ko har yanzu ana buƙata. In wasiƙar ta koma ba amsa, sai a goge suna, jiran shekaru ya tafi a banza. Mutanenmu da ke zaman ɗaki wurin abokai suna ƙaura sau da yawa, to su kula. Kuma tun da yawancinmu Faransanci muka karanta a lakol, wasiƙun kuwa da Ingilishi suke zuwa, kada a ajiye takarda sai wani lokaci. A nemi wanda zai karanta ta ranar da ta zo, don kowace tana da wa'adi.

Nema kyauta ne. Ba a biyan ko sisi don shiga layi, ba a sayen wuri, ba a sayar da bauca. Duk shafin Facebook ko saƙon WhatsApp da ya ce a turo kuɗi ko lambar katin banki don a gaggauta dosiye, ɓarawo ne. Har a nan gida, in wani ya ce muku zai samar wa ɗanku gidan gwamnati a Amurka kafin ya tashi, ku riƙe kuɗinku. Ba a neman Section 8 daga wajen ƙasar.

An samu bauca, saura gida

In layi ya zo, ofishi zai kira mutum, ya sake tantance komai, ya yi masa bayani, sannan ya ba shi takardar. A jikinta akwai yawan ɗakuna, galibi mutum biyu a ɗaki, da wa'adin neman gida. Mafi ƙarancin wa'adin kwana 60 ne. Wasu ofisoshi na ba da 120, kuma ana iya roƙon ƙari a rubuce kafin ya cika. In ya cika ba gida, bauca ta koma hannun na baya.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani bincike da aka yi wa HUD kan shekarar 2019 ya nuna kusan huɗu cikin goma na waɗanda aka ba bauca ba su samu gida da ita ba. Dalili shi ne dokar tarayya ba ta tilasta wa mai gida karɓar bauca ba. Wasu jihohi sun yi tasu dokar da ta hana a ƙi mutum saboda ita, kamar Kalifoniya, Maryland, New Jersey da Massachusetts, birnin New York ma ya yi irinta tun 2008. Karolina ta Arewa ba ta da wannan doka a matakin jiha, don haka na Greensboro sai sun ƙara ƙafa. Amma ko'ina a ƙasar, dokar 1968 ta hana mai gida ƙin mutum saboda launin fata, addini, ƙasar asali, ko don yana da yara. Wanda aka yi wa haka yana iya kai ƙara HUD.

Mai gida kuma yana da nasa binciken: tarihin biyan bashi, da shaidar mai gidan da aka bari. Sabon zuwa sau da yawa ba shi da ko ɗaya, to ya riƙa adana rasit na duk hayar da ya taɓa biya. A fara nema ranar da aka karɓi takarda. A tambayi ofishi jerin masu gidajen da suka saba aiki da shi, a duba shafin AffordableHousing.com, a kuma tambaya a masallaci da taron ƴan gari. Gidan da mutum yake ciki ma yana iya zama, in mai shi ya yarda.

In an daidaita, mai gida da mai haya su cike takardar neman amincewa. Ofishi zai duba ko kuɗin hayar ya yi daidai da na maƙwabta, sannan ya turo mai duba gida: ruwan zafi, na'urar ɗumama ɗaki, wayoyin wuta, tagogi, ƙararrawar hayaƙi, da fentin da ke ɓarewa a gidajen da aka gina kafin 1978 in akwai yaro ƙasa da shekara 6, saboda gubar dalma. Kada a sa hannu a kwantiragin haya, kada a kwashe kaya, sai gida ya ci wannan jarrabawa. Kwantiragin farko yawanci na shekara guda ne.

Dokokin da suka fi cin karo da al'adarmu

A wurinmu baƙo ba ya kwana waje, ɗan ƙane kuma ɗa ne. Bauca ba ta san wannan ba.

Waɗanda aka rubuta sunansu ne kawai ke da izinin zama a gidan. Haihuwa, sanarwa kawai ake yi. Amma ƙara babba, ko mata ce da ta iso daga gida, sai da amincewar ofishi da ta mai gida tukuna. Baƙo yana da kwanaki ƙidayayyu, wasu wurare mako biyu, wasu wata guda. Ya wuce haka, an ɗauke shi mazauni na ɓoye, gidan duka na iya rasa tallafi. Ba da hayar ɗaki ɗaya ga wani ma haramun ne a tsarin.

Tafiya gida ita ma da ƙa'ida. Dokar tarayya ta ce iyali ba za su bar gidan sama da kwana 180 a jere ba, ofisoshi da yawa kuma sun rage wa'adin, suna son a sanar da su tun kafin tafiya. Mai niyyar zuwa Maraɗi ko Damagaram ya yi damina, ko jinyar mahaifi, ya fara rubuta wa ofishi.

Duk samu sai an faɗa: albashi, tuƙin tasi, kitso, kai saƙo, ƴar sana'ar cikin gida. Ana sake lissafi kowace shekara, ofishi kuma na da na'urar da ke nuna masa albashin da kamfanoni suka bayyana. Wanda ya ɓoye, zai biya abin da aka biya masa a baya, ya rasa bauca, wani lokaci har kotu. Takardun suna tambayar dukiya, ko a wace ƙasa take. Kuɗin da ake aikowa gida kuwa ba a rage su daga lissafi, ofishi yana ɗaukarsu cikin samun mutum.

Ba a hayar gidan uba, uwa, ɗa, kaka, jika, wa ko ƙane da bauca, sai in saboda lalurar naƙasa aka ba da izini. In mai gida ya ce a riƙa ƙara masa wani abu a bayan fage, saɓa doka ne, kuma mai haya ma na iya shiga ciki.

In ofishi ya yanke shawarar tsayar da tallafi, dole ya rubuto dalili, mai bauca kuma yana da damar neman zaman sauraro. Wa'adin neman gajere ne, sau da yawa kwana goma zuwa mako biyu.

In layi a rufe yake

Section 8 ba ita kaɗai ba ce. Akwai gidajen gwamnati da ofishin ke riƙe da kansa, masu layinsu daban. Akwai gine-ginen da tallafin ke manne da ɗakin, inda ake nema wurin masu ginin kai tsaye. Akwai kuma gidajen da aka gina da rangwamen haraji ƙarƙashin dokar 1986, waɗanda hayarsu ke ƙasa da ta kasuwa. Birnin New York yana da tasa bauca, CityFHEPS, musamman don waɗanda ke fitowa daga gidajen marasa matsuguni. A rubuta suna a duk inda aka samu ƙofa a buɗe.

Ga dangi na gida

Wanda ke da bauca, gwamnatin Amurka da kanta ta auna shi ta ga samunsa bai isa haya ba. In kun ji ɗanku ya samu, ku taya shi murna, amma kada a ƙara masa lissafin aike. In kuma ya ce ba zai iya sauke ƙanen da ke shirin zuwa fiye da ƴan kwanaki ba, kada a kira shi mai yanke zumunci. Wataƙila shekara biyar ya yi yana jiran takardar nan, kuma rufin kan ƴaƴansa ne a kanta. Gara a zauna tun kafin tafiya a shirya inda baƙon zai sauka.

Na can kuma, aikin yau kaɗan ne: ku nemo sunan ofishin gidaje na garinku, ku duba ko rajistarsa a buɗe take, ku tara takardunku cikin jaka guda. Wanda ya karanta, ya tura wa ɗan uwansa. Mu kwana nan, sai a karo na gaba.